Wadda Ta Shigo Ƙarshe a Shagon Baffa Ƙasimu

Assalamu alaikum 'yan uwana mata masu bin labarina, da ku mazan da kuke leƙowa kuna cewa ba kwa karantawa. Yau a gyara zama.

Akwai laifin da ba a kai mutum gaban alƙali a kansa, amma a wurina ya fi sata muni. Shi ne mutum ya san gaskiya sarai, ya ga ana jifan wani da laifin da yake nasa, ya ja bakinsa ya rufe don mutuncinsa ya tsira. Wanda ya yi min haka ba maƙiyina ba ne, mutumin da nake shirin aura ne. Kuma in kun tambaye ni abin da nake ji a kansa yanzu, wallahi ban san amsar da zan ba ku ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Sadiƙa. A Karaye nake, a hannun Goggo Hamida, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma mace ce da ba ta maimaita magana. Ƙaninta Baffa Ƙasimu shi ke da shagon taki da iri da maganin feshi a bakin kasuwa, yana da rassa a Rogo da Falgore da Kurugu. Shi kuwa Zaharaddini ɗan Rogo ne, shi ya haɗa wa Baffa kwamfutocin shagunan nan duka, kowa Injiniya yake ce masa, har ni. A shagon ya fara ganina ranar da na kai wa Baffa abinci, bai jima ba ya fara sallama a zauren Goggo. Magana ta yi nisa, har an ce manyansa za su zo a sa rana kafin damina ta zauna.

Bari in gaya muku yadda aikin shagon yake, gwargwadon abin da kaina ya ɗauka. Manhajar da ake yanka wa manoma takardar kaya da ita ba a cikin kwamfutocin da muke dannawa take ba. Tana can ɗakin baya, a cikin wata babbar na'ura baƙa mai gurnani da suke kira saba. Kwamfutocin da ke kan kantar shagon Karaye da na rassa duk leƙa ta suke yi ta netwok, kamar mai leƙa ɗaki ta taga. Kowa da sunansa da lambar sirrinsa. Ka shiga, ka danna hoton buhun da ke kan allo, ta buɗe, ka rubuta sunan manomi da abin da zai ɗauka, takarda ta fito, ya kai sito a ba shi kaya. In ba takarda, ba taki.

Tsohuwar sabar nan tana shan wuta, kuma in mutane suka yi mata yawa sai ta riƙa jan jiki. Da kakar da ta wuce Injiniya ya shawo kan Baffa ya sayi ta biyu, 'yar ƙarama, ba ta fi kular abinci ba, ba ta ƙara, sola kaɗan ta ishe ta. Ya haɗa su, ya ce in tsohuwar ta cika, duk wanda ya shigo sai a tura shi kan sabuwar. A gaban jama'a ya gaya wa Baffa cewa su biyun tagwaye ne, abin da wannan za ta yi waccan ma za ta yi. Baffa ya so na'urar nan kamar 'yar da ya haifa. Har tela ya sa ya ɗinka mata riga da ragowar shadda, kuma duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya ga koriyar fitilarta tana ƙyaftawa.

Da hadari ya fara haɗuwa, manoma suka fara tururuwa, sai Baffa ya ce in riƙa zuwa ranar kasuwa ina kama musu aiki, tunda na gama sakandare kuma hannuna yana da sauri. Aka ƙara min kujera kusa da ta Nura, babban yaron shagon. Sai dai ni ba na samun fita da wuri. Ranar kasuwa ita ce ranar Goggo, sai na ƙulla ƙuli a leda, na ɗura mai a kwalabe, na wanke kaskon suya, kana in yi wanka. Ba na isa shago sai hantsi ya ɗaga, kowa ya riga ya zauna.

Ranar farko atamfata ruwan ganye na saka, da mayafi mai ratsin zinare, ga jan lalle da na kwana biyu ina tattali. Na san Injiniya zai zo, shi ya sa. Na zauna, na yi bisimilla, na sa sunana, na danna buhun. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, sai wani farin akwati ya fito da Turanci a ciki, ya ɓace. Na sake, haka. Injiniya ya fito daga ɗakin baya ya sunkuyo kaina, ƙamshin turarensa ya sa na manta abin da ma nake yi. Ya danna nan ya danna can, ya ce netwok ne. Ina zaune kamar baƙuwa har bayan la'asar, lokacin da na rassa suka fara tashi, sannan ta buɗe.

Kasuwa ta zagayo, haka aka yi. Ta sake zagayowa, haka. Rannan Nura ya ce ƙila kwamfutar tawa ce mai ciwo, mu yi musaya. Ya dawo kujerata ya sa sunansa, nan take ta buɗe masa, har da manomin da ya bari a rubuce. Na koma tasa na sa nawa sunan, zobe ya juya, farin akwati ya fito.

Wani dattijo daga Kurugu da ke gaban layina ya dube ni, ya dubi allon, ya naɗe buhunsa a hankali ya koma bayan layin Nura, duk da tsawonsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Nura ya yi dariya ya ce, "Ashe ba kujerar ba ce, mai kujerar ce." Wasa ya yi, na sani. Amma a bakin kasuwa ya yi shi.

Kafin mako ya ƙare magana ta shiga gidaje. Wata mai sayen mai ce ta kawo wa Goggo, tana auna kwalba tana cewa ita dai ba ta yarda ba, amma ana cewa 'yarki farar ƙafa gare ta, duk abin da ta raɓa sai ya tsaya. Goggo ta karɓe kwalbar daga hannunta ta juye man a tukunya, ta ce ta je ta saya a wani gidan. Ta kori mace ɗaya, amma gari ba ya koruwa. Ƙawata da muka taso tare aka yi kamunta, sai a hotunan wasap na gani. Maƙwabciyarmu da ta saba aiko ni in ɗora mata tukunyar dambu ta daina.

Na rubuta masa: Injiniya, don Allah me ke damun na'urar nan? Ya amsa: Hajiyata, ana kan aiki, kar ki biye wa maganar mutane. Ya jero zukata jajaye a ƙasa. Na ce to yaushe za ta gyaru? Ya turo hoton fure da addu'ar safiya. Ni kuma, ku ji sakarci, sai na ji daɗi, na ce kowa ya juya min baya ban da shi.

Sai ga mahaifiyarsa Hajiya Tani tun daga Rogo, wai ta zo duba Goggo da ciwon gwiwa. Ciwon da ya shekara goma ba ta taɓa dubawa ba. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa da fura, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba, amma idonta bai taɓa hawa fuskata ba, yana kan ƙafafuna. Na ja zani na rufe, ta bi zanin da kallo. Cikin hira take gaya wa Goggo cewa bana sai addu'a: babur ɗin ɗanta ya buga inji, tunkiyarta ta mutu da ciki, ga aikinsa da bai taɓa ba shi kunya ba yana neman ba shi. Ba ta ce saboda wa ba. Da za ta tafi ta ce maganar zuwan manya a ɗan dakata, za ta sa a yi istihara. Goggo ta ce Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, ba ta raka ta ko bakin zaure ba.

Baffa shi ma ya yi iya yinsa. Ya sa an turara shagon da turaren wuta, ya karɓo ruwan tofi zai yayyafa wa na'urorin, Injiniya ya tare shi ya ce ruwa zai ƙone su, sai aka yayyafa wa kujerata. Bai yi ba. Daga ƙarshe ya kira ni gefe, yana sosa ƙeya, ya ce 'yata ki ɗan huta tukuna, aikin Goggonki ma ya ishe ki.

Na huta. Kuma ranar kasuwar da ban je ba, tun safe har magariba babu kwamfutar da ta yi ko tari, daga Karaye har Falgore.

A nan ne ni kaina na fara yarda. Ku yi min uzuri. Mutum ya zauna abu ya tsaya, ya canza wuri abu ya bi shi, ya tafi abu ya tashi, me za ku ce? Sai in zauna alwala in tsaya ina kallon ƙafafuna, ƙafa dai kamar ta kowa, har da kaushin da nake fama da shi. Na tuno mahaifiyata ta rasu ina jaririya, na tuno wata akuya da aka taɓa ba ni ta ɓata, na tuno shekarar da gyaɗa ta yi wa Goggo tsada. Duk na ɗora a kaina. Na daina taɓa injin markaɗen Goggo. Wayata ma in ta ɗauke sai gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Injiniya ya zo zance. Shadda ruwan toka ya saka da hula zanna, fuskarsa fes, ga ledar balangu da lemo. Rabon da in gan shi cikin walwala haka har na manta. Na shimfiɗa tabarmar zaure, na zauna can nesa. Yana ta ba ni labarin yadda Baffa ya yaba masa a gaban mutane, ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba. Da ya lura ya tambaya, sai na gaya masa abin da na yanke: ya nemi wata. Na ce ba zan so in shiga gidansa in zama sanadin karyewarsa ba, Hajiya tana da gaskiya.

Ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa yaro mai tsoron duhu.

"Haba Hajiyata. Ba ke ba ce. Wallahi na san ba ke ba ce."

"Ta yaya ka sani?"

Ya waiga ya dubi ƙofar gida, ya matso, ya rage murya. Ya ce abin da zai faɗa amana ce. Na'urorin nan biyu ba tagwaye ba ne. Kowace kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa a cikinta, kuma ƙwaƙwalwar iri-iri ce. Ta tsohuwar daban, ta sabuwar daban, ba sa jin umarni iri ɗaya. Manhajar Baffa don irin tsohuwar aka ƙera ta. Ya ce in ɗauka injin niƙa ne da injin markaɗe a rumfa ɗaya: daga nesa duk inji ne, amma in ka zuba busasshiyar masara a na markaɗe ba gari za ka samu ba. Shi da ya haɗa su ya ɗora hoton buhun a kan duka biyun, ya ga hoton ya fito, bai tsaya ya gwada buɗewa a kan sabuwar ba. Da rani mutane kaɗan ne, tsohuwar tana ɗauke kowa, sabuwar fitila kawai take ƙyaftawa. Sai da aka ƙara kujera ranar kasuwa tsohuwar ta cika, aka fara tura na ƙarshe kan sabuwar.

"Kuma kullum ke kike zuwa ƙarshe," in ji shi. "Kin ga ai ba ƙafa ba ce, ƙuli-ƙulin Goggo ne."

Yana jira in yi dariya. Ni kuwa kaina juyawa yake kamar zoben nan. Na tambaye shi musayar da muka yi da Nura fa. Ya ce wurin Nura a kan tsohuwar a riƙe yake da sunansa har yamma, ko a wace kujera ya zauna. Na ce ranar da ban je ba fa. Ya ce an rage mutum ɗaya, tsohuwar ta ishi kowa. Komai yana da amsa, a shirye, kamar ya daɗe yana ajiye da ita. Wannan ne ya sa na yi tambayar da ta rage.

"Tun yaushe ka gane?"

Ya ɗauki lemo ya ajiye. Ya ce tun kasuwa ta biyu.

Tun kafin musayar kujera. Tun kafin dattijon Kurugu ya naɗe buhunsa, kafin Hajiya ta zo kallon ƙafata, kafin ruwan tofi. Yana tsaye a wurin aka yayyafa wa kujerata ruwa, na'urarsa kawai ya kare.

Ya shiga bayani da sauri. Wanda ya sayar masa da na'urar a Kano ya ƙi karɓa. Masu manhajar sun ce za su ƙera wadda za ta hau sabuwar amma sai bayan damina. In ya gaya wa Baffa cewa na'urar da ya ɗinka wa riga ba ta taɓa yanka takarda ko ɗaya ba, aikinsa ya ƙare, kuma da wane aikin zai riƙe ni? Na ce ai da sai ya cire sabuwar, kowa ya koma kan tsohuwar. Ya ce in aka danna mata kowa ranar kasuwa tana iya tsayawa gaba ɗaya, shaguna huɗu su rufe.

"Gara kujera ɗaya ta tsaya," ya ce.

"Tawa."

"Na ɗan lokaci ne. In an ɗaura aure wa zai tuna?"

Ya roƙe ni in yi shiru, ya ce don mu biyu yake yi. Kuma abin da ya fi ruɗa ni, na ga alamar har zuciyarsa haka ya ɗauka. Na shiga gida da ledar balangu a hannu ban san na riƙo ta ba. Wani ɓangare na zuciyata murna yake, ashe lafiyata ƙalau. Wani kuma kamar an zuba masa garwashi. Wani yana cewa ai amana ya ba ki, kuma mijinki ne gobe. Ban san wanne zan bi ba.

Washegari ina murza tunkuza, Goggo ta ce in ajiye in zo. Ta ce tun jiya ba ki ci ba, ba ki yi magana ba, faɗa min. Na fara kame-kame, ta dube ni sau ɗaya, sai na sako komai, a hargitse, ƙwaƙwalwa da injin markaɗe da tagwayen da ba tagwaye ba. Ta bari na gama. Ta ce ita ba ta san saba ba, ba ta san uwar saba ba, abu biyu kawai za ta tambaya.

"Ya sani?"

"Ya sani, Goggo."

"Wa abin yake kamawa?"

"Wanda ya shigo ƙarshe."

Ta ce shi ke nan, tashi ki ci abinci. Na ce Goggo amana ya ba ni. Ta ce amanar da aka yanka da naman jikinki ba amana ba ce, kuma ba wanda ya ce ki buɗe baki.

Ranar kasuwa, abin da ban taɓa gani ba tun tasowata, Goggo ba ta ɗora kasko ba. Ana idar da sallar asuba gari ya fara haske ta sa hijabinta na zuwa unguwa, ta ce in wuce mu tafi. Muna bakin shago Baffa ya iso da makulli. Ya fara cewa Yaya ai na ce ta huta, ta ce, "Ƙasimu, buɗe." Ya buɗe. Ta ja benci ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, ta ce in je in zauna inda na saba.

Na sa sunana. Wallahi duk da abin da ya gaya min, raina yana cewa zoben nan zai juya. Na danna buhun. Ta buɗe.

Manoman farko suka tsaya turus a bakin ƙofa. Goggo ta ce da na gaba, malam ga layi can ba kowa. Ya matso kamar mai taka ƙaya, na rubuta sunansa, takarda ta fito, ya juya ta gaba da baya, ya tafi sito, aka ɗora masa buhunsa. Sai layi ya haɗu. Nura ya zo ya shiga, na Falgore suka shiga, na Kurugu suka shiga. Injiniya ya iso a bayan ɗan acaba. Da ya hango ni ina aiki, ya ga Goggo a kan benci, sai murmushin da ya shigo da shi ya tsaya a rabi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa ba yabo ba fallasa, ya shige ɗakin baya.

Hantsi ya ɗaga, wayar Baffa ta yi ƙara. Daga reshen Rogo ne. A can akwai kujera ta biyu, kuma wadda ke zama a kai Mas'uda ce, ƙanwar Zaharaddini uwa ɗaya uba ɗaya. Ranar ita ta makara. Baffa ba ya iya waya sai a bayyane, kowa ya ji muryarta cikin kuka: ta danna, zobe ya juya, farin akwati ya fito, sun yi musayar kujera da abokin aikinta abin ya bi ta, ga mutane sun fara watsewa daga layinta. A bayanta ana jin hayaniya, har muka ji wata murya tana cewa ashe a gidansu abin yake.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙasimu, ka aika wa Tani ta duba ƙafar tata 'yar."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san abin da Mas'uda take ji a kan kujerar nan, kuma ba ta taɓa yi min komai ba. Ina shirin in buɗe baki, amana ko ba amana, sai ga shi ya fito daga ɗakin baya da sauri har yana tuntuɓe da buhu. Ya karɓi wayar daga hannun Baffa.

"Mas'uda, daina kuka. Ba ke ba ce. Ki gaya musu na ce ba ke ba ce, laifin na'ura ne, laifina ne."

Ya juyo ga Baffa, a gaban manoma da 'yan dako da kowa, ya faɗi duk abin da ya gaya min a zaure, bai rage komai ba. Baffa ya saurara bakinsa a buɗe. Da aka zo kan cewa sabuwar ba ta taɓa yin aikin komai ba, sai ya shiga ɗakin baya, ya fito da 'yar rigar shaddar a hannu yana kallonta. Ya tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya faɗa. Baffa ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Goggo ta miƙe tana kaɗe hijabi. Ta tsaya a gaban Zaharaddini ta ce, "Ƙanwarka ko shan ruwa ba a yi ba ka wanke ta. Tawa ka bar ta a rana tun farkon hadari." Ta ce da ni in ƙarasa sallamar mutanen da ke layina, ita ta tafi ɗora kasko.

Na ƙarasa. Dattijon nan na Kurugu ma a layina ya tsaya, ya karɓi takardarsa ya ce Allah Ya yi miki albarka 'yata, bai iya haɗa ido da ni ba.

To ga inda kaina ya kulle, 'yan uwa. Na ga yadda ya fito da gudu saboda Mas'uda, na ce ashe yana da zuciya, ashe ya iya zubar da aikinsa don wani. Sai kuma na ce, to ni da bai yi wa ba, mece ce ni a wurinsa? Wata rana in tashi ina jin tausayinsa, kafin azahar in ji ko sunansa ba na son ji. Ya turo saƙon murya mai tsawo, yana nan a wayata da alamar ba a saurara ba. Hajiya Tani ta aiko wai istihara ta yi kyau, manya suna nan tafe. Goggo ta ce da ɗan aiken ya gaya mata mu ma mun yi tamu, kuma tamu ba ta yi kyau ba. Ta tambaye ni ko ina da ja, na girgiza kai.

Abin da shirunsa ya jawo masa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Aikin shagunan Baffa guda huɗu ya fita daga hannunsa, an kira wani daga Kano, ya kashe sabuwar na'urar ya mayar da ita kwalinta, ya ce ranar kasuwa a riƙa shiga bi da bi kafin a samo wadda ta dace. Makarantar da ta yi masa alkawarin aiki a Rogo ta ce ya dakata. Sunan Injiniya ya faɗi, a bakin kasuwa yanzu Zaharaddini ake ce masa, wasu ma mai tagwaye. Mas'uda ta daina yi masa magana, ta ce da ya faɗa tun farko da ba a yi mata dariya a garinsu ba. Mahaifiyarsa ba ta iya bi ta layinmu in ta shigo Karaye. Turamen atamfa da takalmi da agogon da ya kawo min, Goggo ta ƙulle su a buhun taki wanda ba komai a ciki, aka ɗora a motar Rogo. Tabarmar zaure kuma ta naɗe ta da hannunta, ta shimfiɗa a tsakar gida, yanzu gyaɗa ake shanyawa a kai.